Alhaji Umaru na Salaga: malamin zango da ya rubuta faɗuwar gari da zuwan Nasara

Ɗan lakwal da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a Yamai, Lome ko Wagadugu ba ya rasa sanin sunan Victor Hugo, wani ma ya ji labarin Tolstoy na Rasha, wanda ya rasu a 1910. Amma da za a tambaye shi ko akwai wani Bahaushe da ya yi zamani ɗaya da Tolstoy, yana zaune a bakin kogin Volta yana rubuta abin da idonsa ya gani na yaƙi da talauci da annoba, da wuya a samu amsa. Akwai shi kuwa. A Ghana ana ce masa Alhaji Umaru Krachi ko Imam Imoru, masana kuma sun fi saninsa da Alhaji Umaru na Salaga. An haife shi a Kano wajen 1858, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, kuma fiye da shekara 40 na rayuwarsa a zango ya yi su, nesa da ƙasar Hausa.

Cikakken sunansa na Larabci kaɗai ya isa labari: Umar ɗan Abubakar ɗan Usman, al-Kabawi, al-Kanawi, al-Salgawi. Wato asali Kabi, haihuwa Kano, zama Salaga. Duk wanda kakansa ya taso daga Katsina ko Gobir, aka haifi ubansa a Djougou ko Mango, shi kuma ya buɗe ido a Bawku ko Yendi, ya san irin wannan suna mai hawa uku. Abin da ya bambanta Alhaji Umaru da sauran 'yan zango shi ne ya ɗauki alƙalami ya rubuta rayuwar, da Larabci da kuma Hausar ajami.

Hanyar Gwanja

Mahaifinsa malami ne kuma farke. Tun Umaru yana saurayi, cikin shekarun 1870, ya fara bin sa fataucin Gwanja, yana haɗa tafiya da karatu. Ya yi karatu a Kano, ya ƙaro a ƙasar Sakkwato da Gwandu, inda a lokacin ilimin da Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello suka bari yake da sauran ɗumi.

Gwanja a bakin Bahaushe ita ce ƙasar Gonja, kuma babbar kasuwarta Salaga. Dalilin tafiyar goro ne. Goron da ake so a Kano da Sakkwato da Borno a kurmin Asante yake fita, Asantawa kuma ba su yarda fataken arewa su ratsa har cikin kurmin ba, sai aka mai da Salaga mahaɗa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Jega da jakuna ɗauke da kanwa, tufafin rini, kayan fata da busasshiyar albasa, ƙarƙashin madugu da jagaba. Su ƙetare kogin Kwara, su bi ta ƙasar Bargu, su faɗa Djougou, su wuce Sansanne Mango, su sauka Yendi, babban birnin Dagomba, daga nan sai Salaga. Akwai wata hanyar ta arewa wadda ta ratso ƙasar Gurma da Mosi ta biyo ta Bawku da Gambaga, ita ce ta fi kawo shanu da tumaki da sawaye. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara. Duk inda ayari ya saba yada zango, wasu sukan tsaya su yi aure, su gina masallaci, su zama fatoma ga na baya. Haka kalmar zango ta tashi daga wurin kwana ɗaya ta zama sunan unguwa, wadda a Ghana ake rubutawa zongo.

Salaga ba goro kaɗai take sayarwa ba, kuma ɓoye wannan ba ya amfanin kowa. Tana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin. Dagomba tana biyan Asante gandu da mutane, daga baya kuma mayaƙan Zabarmawa, ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu, suka riƙa kai hari ƙasar Gurunsi suna turo kamammu kudu. Rijiyoyin da har yau ake nuna wa baƙi a Salaga sun shayar da fatake, sun kuma shayar da waɗanda aka kawo a ɗaure.

Lokacin da Umaru ya fara zuwa, garin ya riga ya soma tangaɗi. A 1874 sojojin Ingila suka ƙona Kumasi, ƙarfin Asante a arewa ya karye, mutanen Gonja suka yi wa wakilanta tawaye. Asantawa suka rama ta hanyar da ta fi ciwo, suka janye goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo.

Aikinsa na farko da aka sani ya fito ne daga wannan duniya ta fatake. A 1877, yana ɗan shekara 20 ko ƙasa da haka, ya rubuta al-Sarha al-wariqa fi ilm al-wathiqa, ɗan littafi na koyar da rubutun wasiƙa da Larabci, mai ɗauke da samfuran wasiƙu da mutum zai kwaikwaya. Wani zai ga abin ƙarami ne, amma a tuna cewa fatauci tsakanin Kano da Salaga a kan wasiƙa yake tafiya: bashi, ajiya, gado, labarin rasuwa, neman izinin wucewa wurin sarki. Littafin ya yaɗu a hannun almajirai, har daga baya aka buga shi a Alƙahira.

Shekarar 1892

Sarautar da ke iko da Salaga ba a cikin garin take ba, tana Kpembe, ɗan gari kusa da shi, kuma gidajen sarauta ne ke karɓa-karɓa. A 1892 rikicin da ya daɗe yana ci a ƙasa ya fashe. Kabachewura Isifa, na gidan Kanyase, ya tashi wa Kpembewura Napo, ya nemo taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba. Aka ci Kpembe, aka washe Salaga. Fatake da malamai, waɗanda ba su da gadon sarautar da ake faɗa a kai, su ne suka rasa gidaje da rumbuna da littattafai. Jama'a ta watse zuwa Yeji, Atebubu, Kintampo da Kete-Krachi, wasu suka nufi Kumasi da bakin teku. Da yawa daga tsofaffin zangunan kudancin Ghana sun cika ne da 'yan gudun wannan yaƙi. Salaga ba ta sake komawa yadda take ba.

Yaƙin ya samu Umaru a garin, kuma bai bar zuciyarsa ba. Ya rubuta waƙoƙi biyu na Larabci a kansa. Wadda aka fi sani, Tanbih al-ikhwan fi dhikr al-ahzan, ya kammala ta a 1904, shekara 12 bayan abin ya faru. Ma'anar sunan ita ce faɗakar da 'yan uwa ta hanyar tuna baƙin ciki. Abin lura a cikinta shi ne bai tsaya kan kukan an zalunce mu ba. Ya bayyana garin kafin yaƙi, da zaluncin masu iko da lalacewar halin jama'a, har da Musulmin da yake ɗaya daga cikinsu, sannan ya bi gudun hijirar da wahalarta. A ganinsa garin ya ruɓe daga ciki kafin a buge shi daga waje. Mai karatu na yau yana iya cewa malam ya tsananta, domin malamai sun saba karanta kowace masifa a matsayin sakamakon zunubi. Duk da haka, marubucin da zai zargi mutanensa a waƙar da su ne za su rera ta ba matsoraci ba ne.

Masu tarihi sun dogara da shi ƙwarai. Littafin da J. A. Braimah, ɗan sarautar Gonja kuma ɗan siyasa, ya wallafa tare da Jack Goody a 1967 kan rikicin Salaga ya jingina da shaidar malaman garin, cikinsu har da Alhaji Umaru.

Wanda ke zaune a arewacin Ghana ba ya buƙatar a fassara masa dalilin da ya sa wannan waƙa ba ta tsufa ba. Faɗan ƙabilanci na 1994 ya taɓa Salaga da Bimbilla da Yendi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu a Yendi, a rikicin gidajen Abudu da Andani, kuma sai a watan Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na. Rikicin sarautar Bawku, wanda ya sake tashi daga ƙarshen 2021, ya jawo dokar hana fita, ya tsorata direbobi, ya rage cinikin kasuwar da ke ciyar da mutanen ƙasa uku. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan zango mai tebur a kasuwa, wanda ba ya neman kujerar kowa, yana cikin waɗanda suka fara ƙirga asara.

Kete-Krachi da Jamusawa

A 1896 Umaru ya sauka a Kete-Krachi. Gari biyu ne a haɗe: Krachi ta 'yan ƙasa, mazaunin tsafin Dente mai suna, da Kete ta fatake Musulmi. Gishirin Ada yana hawowa ta kogin Volta cikin jiragen ruwa na katako, a nan ake sauke shi a ɗora wa 'yan dako da jakuna. Jamusawa sun riga shi isowa. A 1894 suka harbe babban bokan Dente, suka kafa bariki.

Cuɗanyarsa da Jamusawa ta fara tun a Salaga, inda ya san Gottlob Adolf Krause, matafiyin da Hausawa suka sa wa suna Malam Musa, mutumin da ya yi ta fallasa cinikin bayi a Togo ta Jamus har ya ɓata da gwamnatinsa. Umaru ya rubuta masa takardu da Hausar ajami. A Kete-Krachi kuma ya haɗu da Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan na Basel da ya koma jami'in mulki, mai tsananin son Hausa. Mischlich ya zama ɗalibinsa. Ƙamusun Hausa da Jamusanci da ya fitar a 1906 yana cikin muhimman ƙamusoshin farko na harshen, kuma zaman da ya yi da malamin Kete na cikin abin da ya gina iliminsa. A zamanin Jamusawan ne Umaru ya zama limamin Kete, bayan gardama kan limancin wadda su suka raba.

Mischlich ya riƙa roƙonsa ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take. Abin da ya fito daga wannan roƙo shi ne taskar da ba a cika samun irinta ba: zube da Hausa, ba waƙa ba, kan noma da kiwo, rini da saƙa, ƙira da jima, kasuwa da fatauci, aure da tarbiyyar yara, tare da tarihin masarautu irin su Kabi ta kakanninsa. A lokacin kusan duk abin da ake rubutawa da ajami waƙar wa'azi ce ko ta yabon Annabi. Mutum ya zauna ya bayyana yadda ake haɗa baba a karofi, ko yadda ayari yake tsara tafiyarsa, wannan sabon abu ne. Kuma daga ƙwaƙwalwa ya rubuta, yana bakin Volta, yana tuna Kanon ƙuruciyarsa. Shekara 30 kafin gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, wani malami a zango ya riga ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar dogon bayani a rubuce.

Bauta ma ya bayyana ta, kamar yadda ya bayyana sauran sassan rayuwar da ya taso ciki. Wanda ke neman ɗan gwagwarmayar 'yanta bayi ba zai same shi a nan ba. Abin da zai samu shi ne shaidar wanda ya ga abin daga ciki.

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma akwai masu kallon kusancinsa da Jamusawa da wannan ido. Sai dai a daidai shekarun da yake koyar da jami'in Jamus, yana rubuta wasu abubuwan da ba don jami'in ya yi su ba.

Zuwan Nasara sau uku

Shekarun sun zo da gudu. A 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya a Turai cewa yankin Salaga da Yendi ba na ɗayansu ba ne tukuna, ba tare da sun tambayi masu ƙasar ba. A 1896 Ingila ta kama Asantehene Prempeh ta fitar da shi. A watan Disamba na shekarar, 'yan tsirarun sojojin Jamus suka karya dubban mayaƙan Dagomba a Adibo, suka ƙona Yendi. A 1897 aka fatattaki Babatu daga ƙasar Gurunsi, ya ƙare rayuwarsa a Yendi, inda kabarinsa yake. Faransa ta kama Samori a 1898, ta ci Damagaram a 1899, aka kashe Rabeh a Kusuri a 1900. A 1899 aka raba yankin da aka ce ba na kowa ba: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus, aka tsaga masarautar Dagomba biyu. Bawku ta zama ta Ingila, Faransa na arewa da ita, Jamus na gabas. A 1903 Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli.

Umaru ya rubuta wannan zamani sau uku. Biyu da Larabci, Mashra' ma' al-khabar a 1899 da Nazm al-la'ali bayanta da kaɗan, ta uku da Hausa, Waƙar Nasara, bayan faɗuwar Sakkwato. A ta farkon ya nuna yadda baƙin suka shigo da lallami da maganar ciniki da zaman lafiya, sai da suka kafu suka sauya fuska. Wani abin da ke ba masu nazari mamaki shi ne faɗin ƙasar da waƙoƙin suka rufe. Yana jera garuruwa da ƙasashe da sarakuna ɗaya bayan ɗaya, daga yamma har gabas. Malamin da ba shi da jarida ko waya ya san abin da ke faruwa a nisan dubban kilomita, domin labari yana bin ayari, kuma zango shi ne inda labarai suke haɗuwa. Sarakuna da yawa kowa ya ga faɗuwar garinsa ne kawai. Shi ya gane cewa abu ɗaya ne yake cin yankin gaba ɗaya.

A waƙar Hausa murya ta ɗan sauya. Baƙin cikin yana nan, amma akwai sallamawar wanda ya ga ba makawa, har da amincewa cewa hanyoyi sun yi lafiya kuma wasu azzaluman da ake tsoro an karya su. Wasu na karanta wannan a matsayin rauni. Ana kuma iya karanta shi a matsayin gaskiyar ɗan farke da ya san kuɗin fito da harin 'yan fashi, ya kuma ga abin da yaƙin 'yan uwa ya yi wa Salaga tun kafin Bature ya karɓe ta. Bai kira jama'a su ɗauki makami ba. Hasali ma, lokacin da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ratsa arewa wajen 1904 zuwa 1905 da da'awa irin ta Mahadi, Umaru ya yi waƙa yana sukar sa.

Talauci da tunkuyau

Cikin ayyukansa na Hausa, wanda ya fi shiga jama'a shi ne Waƙar Talauci da Wadata. Ba wa'azin a yi haƙuri da rashi ba ce. Kallon tsaf ce ga yadda mutane suke auna mutum da abin hannunsa: yadda ake wulaƙanta marar shi a taro da cikin danginsa, a ƙi jin maganarsa ko da gaskiya ce, da yadda ake rufe aibin mai shi. Akwai zambo a ciki, akwai dariya mai ɗaci, akwai kuma zuga mutum ya tashi ya nema. Ta fito daga mutumin da ya ga attajirai sun wayi gari ba su da ko tabarma a 1892, ya kuma ga yadda gaisuwar da ake yi musu ta sauya. A nan ne ya fi kusa da manyan marubutan ƙagaggun labarai na Turai na zamaninsa, waɗanda su ma talaka da mutuncinsa suka sa a gaba, ko da yake shi bai rubuta ƙagaggen labari ba, kuma hanyarsa ta malaman Sakkwato ce da mawaƙan Larabawa.

Sanin waƙar Larabawan kuwa ba na wasa ba ne. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da jami'in Ingila R. S. Rattray ya yi rubutu a kai a 1934. Limamin gari ya zauna yana neman kalmar Hausa da za ta ɗauki waƙar soyayya da doki da hamada ta kafin Musulunci, wannan ya nuna irin faɗin kansa.

A 1913 ya tafi aikin hajji, tafiyar da ta ɗauke shi shekaru. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, babban jigon Tijjaniyya a can. Kafin ya dawo duniyar ta sake juyawa. Jamusawan Togo sun miƙa wuya tun a watan Agustan 1914, Kete-Krachi da Yendi sun koma hannun Ingila. Sai kuma annobar mura ta 1918, wadda ta shigo ta jiragen ruwa a bakin teku ta hau arewa cikin 'yan watanni, ta kashe dubun dubatar mutane a ƙasar. Ita ma ya rubuta ta, a waƙar Larabci da aka sani da Tunkuyau, inda ya bayyana yadda cutar take kama mutum. Shaidar 'yan Afirka da aka rubuta a lokacin kan wannan annoba ba ta da yawa.

Sauran shekarunsa koyarwa ya yi. Ɗalibai suna zuwa Kete daga nesa, su koma su zama limamai da malamai a zangunan Kumasi da sauran garuruwa, har yau kuma akwai malaman Ghana da silsilar karatunsu take bi ta kansa. Ya yi waƙoƙin yabo da na godiya ga shugabannin zango da suka taimake shi, cikinsu har da Malam Sallau, Sarkin Zangon Kumasi.

Inda takardun suke

An ce baƙo raɓa ne. A 1969, shekara 35 bayan rasuwarsa, gwamnatin Busia ta kafa dokar da ta kori dubban baƙi marasa takardu daga Ghana, kuma zanguna ne suka fi jin ta, har da mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wadda aka haife su. Tambayar ko ɗan zango ɗan ƙasa ne ba ta gama mutuwa ba, takan taso lokacin rajistar zaɓe ko katin ɗan ƙasa. Amsa ɗaya ita ce, duk mai son rubuta tarihin Gonja ko na arewacin Ghana a ƙarshen ƙarni na 19 dole ya bi ta kan rubutun wannan Bakano.

Garin da ya zauna shi ma bai tsira ba. Bayan gina madatsar Akosombo a farkon shekarun 1960, tafkin Volta ya cika ya tashi mutane kusan 80,000 daga matsugunansu, tsohuwar Kete-Krachi tana cikin wuraren da ruwa ya ci, aka gina sabuwa a kan tudu.

Takardunsa kuma sun watsu. Na Krause suna Berlin. Na Mischlich sun fito da Jamusanci, wani sashe a littafinsa na 1942, wani kuma ta hannun Heinz Sölken, wanda ya wallafa tarihin Kabi. A 1973 Douglas Ferguson ya mai da bayanin ƙasar Hausa zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na uku a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Stanisław Piłaszewicz na jami'ar Warsaw ya rubuta littafi sukutum a kansa da harshen Poland a 1981, sannan a 2000 ya fitar da rubutunsa na zube na ajami a Berlin. John Hunwick ya jera ayyukansa a juzu'i na 4 na babban kundin adabin Larabci na Afirka a 2003. Ke nan ɗalibi a Warsaw ko Chicago ya fi ɗan Salaga ko Bawku sauƙin kai hannu ga abin da Alhaji Umaru ya rubuta. Akwai dalili na cikin gida ma. A Ghana da Togo da Benin da Burkina Faso, Hausa harshen kasuwa ne da masallaci da rediyo, yaro yana koyon karatu da Ingilishi ko Faransanci, masu iya karanta ajami kuma suna raguwa. Jikan ɗalibin Alhaji Umaru yana iya jin waƙar in an rera masa, amma in aka miƙa masa takardar sai ya mayar.

A cikin Ghana, babbar ma'ajiyar ita ce Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a hukumance a 1963, Thomas Hodgkin yana shugabanta. Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo da abokan aikinsu suka zaga garuruwa irin su Salaga, Yendi, Wa da Kete-Krachi suna neman rubuce-rubucen Larabci da ajami, suka tara ɗaruruwa, kuma na Alhaji Umaru suna cikin waɗanda suka fi yawa. Tsarinsu shi ne su ari takarda wurin mai ita, su ɗauki hotonta a Legon, su mayar masa da abinsa. Saboda haka abin da ke jami'ar galibi kwafi ne. Ainihin takardun sun koma gidajen malaman da aka aro su, cikin gafaka da adaka, shekara 60 ke nan, a ƙasar da gara da damina ba sa raga wa takarda.